Yadda Masu Dubiya Suka Cinye Muryar Mijinyawa

Wata Laraba ce a farkon damina. An yi kwana uku ana zafin da ko kare ba ya iya haushi, sai da hantsi hadari ya taso daga gabas, ya sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, kafin azahar ya ɗauke. Duk abin da kwatocin Bauchi suka haɗiye tun rani, ranar suka amayar da shi. A tashar motar da Mijinyawa yake aiki ruwa ya kwanta baƙi ƙirin, leda da ɓawon rake da kashin awaki suna yawo a kai, ga wani mushen ɓera ya kumbura yana juyi a gindin tayar bas. Mijinyawa ya naɗe ƙafar wandonsa, ya hau kan wani dutse don kada ruwan ya taɓa shi, ya cika ƙirji da iska, ya buɗe baki zai kira fasinja yadda ya saba yi shekara talatin da ɗaya.

Babu abin da ya fito sai wata iska, irin ta tayar da ƙusa ta huda.

Ya yi gyaran murya ya sake gwadawa. Tari ya sarƙe shi. Da ya tofar da kakin a kan ruwan, ya ga zirin jini a cikinsa, yana tafiya a hankali har ya je ya manne a jikin ɓeran.

Wani direba mai suna Yero, wanda bakinsa ba ya gani ya yi shiru, ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Kai jama'a, zakaran tasha ya koma agwagwa! Baba Miji, ko kwaɗo ka haɗiya a ruwan nan?"

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Abin da ya fito daga wuyansa yake kallo.

Mijinyawa ɗan Ƙofar Wambai ne, kuma ɗan majemi. A bayan gidansu akwai ramukan jima, inda ake tsoma fata cikin toka da kashin tantabara har gashi ya saki. Yaran gidan duk sun tashi suna cin tuwo a bakin ramukan nan ba abin da ya dame su, shi kaɗai Allah ya yi shi da ƙyanƙyami. In iska ta kaɗo warin, sai amai. Mahaifinsa ya yi dukan, ya yi zagin, ya gaji, ya ce bai taɓa ganin ɗan majemi mai gudun fata ba sai a gidansa. Yana da shekara goma sha bakwai ya bar ramukan ya tafi tasha. Ya yi yaron mota, ya yi kwandasta, daga baya ya zauna a kamasho, wato mai kiran fasinja har mota ta cika.

Tasha ba wurin tsabta ba ne, amma ya yi zamansa a cikinta kamar balbela a cikin shanu. Kullum farin yadi. Yana da ɗan kofin silba a aljihu, ba ya shan ruwa da na kowa. In ya ga mutum ya fyace majina da hannu sannan ya miƙo masa, sai ya yi sauri ya dafe ƙirji ya gaishe shi daga nesa. Ba ya haɗa kwano da mai lashe yatsa. Mutane suka yi tsegumi suka gaji, suka bar shi da halinsa, saboda abin da yake da shi babu mai irinsa.

Murya ce. In ya ce, "Gombe, Gombe, Gombe! Alkaleri a hanya! Saura mutum ɗaya!" mai jaka a can tsallaken titi sai ya juyo. Direbobi suna rububinsa. Maganar saura mutum ɗaya kuwa, yawanci ƙarya ce, motar ko rabi ba ta yi ba, kowa ya sani, amma a bakinsa sai ka ji ƙafarka ta ƙara sauri. Yero ma ya taɓa ɗaukarsa a waya yana cikin kiran, ya ce zai nuna wa mutanen Gombe wanda yake turo musu baƙi.

Daga asuba zuwa magariba yake wannan ihu, goro a kumatu, shayi mai citta da barkono a gefe. In ya koma gida ya ci tuwo da yaji jawur, ya miƙe a tabarma nan take. Ƙwannafi ya zame masa abokin zama, wani ruwa mai tsami ya riƙa taso masa har maƙogwaro, sai ya jiƙa kanwa ya kora. Wata bakwai kafin ruwan nan muryar ta fara dishewa. Yakan ce sanyi ne, ya ƙara citta, ya ƙara ƙarfin ihu.

Da ya koma gida ranar ba murya, maganar ta je kunnen Baffa Hammawa, ƙanen mahaifinsa, tsoho ɗan shekara tamanin da wani abu, wanda shi ne babba a dangi. Baffa ya sa ya buɗe baki, ya leƙa, ya kaɗa kai.

"Beli ne. Ya yi tsawo ya kwanta a kan murya. Haka ubanka ya yi. A kira Ɗanlarai."

Ɗanlarai wanzami ya zo da safe, ya zauna a zaure ya zazzage zabira. Ya zaro wata aska mai lanƙwasa, da wani ɗan itace mai faɗi na danne harshe. Itacen ya yi baƙi, ya yi santsi, yana ƙyalli saboda yawun mutanen da ba su ƙirguwa. Wanzamin ya goga shi a gefen rigarsa, ya goga askar a tafin hannu.

Mijinyawa ya ja da baya. Cikin raɗa ya ce a kawo tafasasshen ruwa a wanke.

Ɗanlarai ya yi dariya har haƙoransa na goro suka bayyana. "Wanke me? Da itacen nan mahaifina ya danne harshen mahaifinka. Rabin unguwar nan sun tsotse shi, wa ya mutu?"

"Buɗe baki, kai," in ji Baffa. "Tun kana yaro kake wannan iyayin."

Ya buɗe. Itacen yana da ɗanɗanon gishiri da tsohon mai. Mutum biyu suka riƙe masa kai. Ya ji ƙarfe ya shiga, ya ji an ja, sai jini mai ɗumi ya cika masa baki. Ɗanlarai ya ɗora abin da ya yanko a tafin hannunsa, wani ɗan nama ja kamar tsutsar juji, ya zagaya da shi yana nuna wa kowa.

"Kun ga mugun? Gobe war haka za ku ji shi daga can ƙauyen Miri."

Ba a ji shi ba ko daga ƙofar ɗaki. Wajen yankan ya kumbura, ya yi fari. Ko yawu ba ya haɗiyuwa. Aka ajiye masa gwangwanin madara a gefen tabarma yana tofawa. Bakinsa ya soma wani wari, da ya shaƙa sai ya gane shi, warin ramin jima ne sak. Mutumin da ya gudu daga bayan gidansu shekara arba'in saboda wannan wari, yau ga shi yana ɗauke da shi a cikin wuyansa. In matarsa ta zo zubar da gwangwanin sai ya juya fuska bango.

Matar tasa sunanta Sauda, mai masa ce a ƙofar gida, shekararsu ashirin da shida tare. Ba ta da tsoron kowa sai Allah. A rana ta takwas ta kashe wutar tanda da hantsi, ta tsayar da keke, ta ce, "Malam, tashi. In Baffa zai tsine, ya tsine mini."

A babban asibiti aka tura su wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wani Bayerabe haifaffen Bauchi mai suna Kayode, Hausa a bakinsa kamar ɗan cikin ganuwa. Da ya haska bakin ya ga aikin Ɗanlarai, ya yi tsaki mai tsawo. Ya fesa masa wani magani a hanci, ya zura wata siririyar roba mai fitila a kai har ta sauka cikin wuya, ya juyo da allon talabijin ya ce su duba.

Mijinyawa ya duba, ya so ya runtse ido. Wani rami ne ja, mai laima, yana motsi. A tsakiya akwai wasu zirin nama guda biyu.

"Baba, waɗannan su ne igiyoyin murya. Su suke haɗuwa su kaɗa, magana ta fito. Na mai lafiya fari ne, sumul. Ka ga naka?"

Nasa sun yi jawur, sun kumbura. A ƙarshen kowanne akwai gyambo, bakinsa ya tashi, tsakiyarsa ta lotsa, da wani abu fari-fari a kwance kamar ruɓaɓɓen nono.

"Belin da aka yanke ba ruwansa, yana can sama, ciwon yana nan ƙasa. Shekaru kana buga su da juna da ƙarfi, ga tsamin ciki yana tasowa yana ƙona su. Kamar mai ƙurji a tafin hannu ne, kullum yana tafi."

Aka gwada kakinsa ko tarin fuka ne, aka ɗan gutsuri naman aka duba ko ciwon daji ne. Bayan kwanaki sakamako ya fito, babu ko ɗaya. Likita ya rubuta maganin tsamin ciki da na ciwon, ya hana goro, ya hana yaji, ya hana kwanciya da an ci abinci. Sannan ya ajiye biro.

"Duk wannan ƙarami ne. Babban maganin shiru ne. Sati shida. Ba magana, ba raɗa, don raɗa ta fi wahalar da su. Ba gyaran murya. In ka yi haka, gyambon zai rufe sumul, murya ta dawo. In ka ci gaba da fama shi, zai warke da tabo, tabo kuwa ba ya kaɗawa. Ni ba ni da maganin tabo."

Sauda ta ce, "Likita, har gaisuwa?"

"Mama, gaisuwar ce ma nake tsoro. Na san mutanena."

Ya san su kuwa. Kafin su sauka daga keke, labari ya riga su zuwa cewa an zura wa Mijinyawa fitila a wuya. Washegari zaure ya cika. Zumunci a ƙafa yake, in ji su, kuma dubiya hakki ce, wannan ba wanda ya musa. Amma dubiyar mutanen nan ba a tsaye ake yinta a wuce ba. Mutum zai durƙusa ya ce ina kwana, ya jira. Ina gajiya, ya jira. Yaya ƙarfin jiki. Yaya iyali. Ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya sa kaffara ne. Allah ya ƙara sauƙi. Kowace ɗaya tana da amsarta, kuma amsar daga bakin mara lafiya ake so a ji ta, don a koma gida a ce an gan shi har ya yi magana.

Kwana huɗu Mijinyawa ya daure. In an gaishe shi ya dafe ƙirji ya sunkuyar da kai. Sauda tana daga bakin ƙofa tana amsawa a madadinsa, "Da sauƙi, ya gode, likita ya hana shi magana." Sai su dube ta a karkace, su matso kusa da shi, su ɗaga murya kamar kurma ne.

"Na ce yaya jikin? Ka ji ni kuwa?"

Suna zaune suna taunar goron da aka hana shi, suna tsartar da yawu a lungun zauren da ya saba sharewa da hannunsa. Wani ya ɗauki kofinsa na silba ya sha ruwa ya mayar. Kowa kuma da maganinsa. Wannan ya kawo ɗanyen ƙwai a kaɗa da manja. Wancan ya kawo kitsen damo a kwalba, ya yi tsami har murfin ya tashi. Wata tsohuwa ta kwance gefen zane ta fito da maƙogwaron zakara busasshe, ta ce a daka ya lasa, ai wanda ya ci na mai cara dole ya yi cara. Mijinyawa yana kallo, ba bakin cewa a'a. Da sun fita Sauda ta watsa a juji.

Maganganu suka fara dawowa. Wai an je gaishe shi ya kalli mutane kamar ya ga kashi. Wai da ma can mai girman kai ne, ciwon ya ba shi dalili. Wai matarsa ta shanye shi, ita ke magana da bakinsa.

A rana ta biyar Baffa Hammawa ya dogaro sanda ya shigo. Aka ba shi buzu ya zauna daf da shi.

"Mijinyawa, ina kwana?"

Ya dafe ƙirji, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

"Na ce ina kwana?"

Sauda ta ce, "Baffa, a yi haƙuri, likita ne..."

"Ke, ba da ke nake ba. Likitan ne ya haife shi? Ni na raɗa masa suna a kunne." Ya juyo wajen Mijinyawa. "Ɗan yayana ne yau zan gaisar ya yi mini shiru a gaban mutane? To, wallahi ba zan tashi daga buzun nan ba, ba zan sa komai a bakina ba, sai na ji amsa. In yunwa ta kashe ni, a ce kai ne."

Mijinyawa ya dubi tsohon. Ya dubi Sauda, tana girgiza masa kai. Ya haɗiyi yawu kamar yana haɗiyar kwalba.

"Lafiya lau, Baffa."

"Yawwa! Ai ga shi yana magana. Yaya jikin?"

"Da sauƙi."

"Kun ji ko? Ƙaryar asibiti ce kawai."

Shi ke nan, gara ta samu ƙofa. Wanda ya amsa wa Baffa, da wane ido zai ƙi amsa wa liman? Wanda ya amsa wa liman, yaya zai yi da mai unguwa, da surukai, da abokan mahaifinsa? Wanda aka yi wa shiru jiya ya dawo yau karɓar tasa amsar. Ranar Juma'a Sauda ta ajiye kwano a bayan ƙofa, duk wanda ya shigo ta jefa ƙwayar masara ɗaya. Da magariba ta zube su a gaban mijinta, hamsin da takwas. Shi kuwa gwangwaninsa ya sake yin ja.

Da suka koma asibiti a sati na uku, likita ya zura fitilarsa, ya daɗe yana kallo. Gyambon dama ya ƙara faɗi.

"Baba, wa kake yi wa magana?"

Sauda ta kwance ƙullin masarar ta ajiye masa a tebur. "Na rana ɗaya ne."

Likita ya dafe kai. "Ku bar garin nan. Har yanzu da sauran dama, amma ba yawa. Ku je inda ba a san shi ba."

Sauda tana da wa a Miri, sunansa Bakari, manomi, mutum ne wanda sai ya yini bai yi magana goma ba. Da aka idar da sallar asuba suka fita ta ƙofar baya, ba su sallami kowa ba. Bakari ya ba shi wata bukka a bakin gona, ya hana yaran gidan zuwa wajen.

Nan Mijinyawa ya san daɗin duniya. Masara ta kai gwiwa, ƙasa tana ƙanshi, ba mai tambayarsa yaya jiki. Yana shan kunu mai ɗumi ba yaji, yana zama a jingine bayan cin abinci yadda aka ce. A rana ta biyar ya haɗiyi tuwo ba zafi. A ta bakwai ya hura iska a tafin hannu ya shinshina, babu warin jima. A ta tara ya ɗauki gwangwanin da kansa ya binne shi a bayan gona. Yana jin wuyan nasa ya yi sanyi, ya yi sakayau, kamar akwai wani abu a ciki da yake miƙa yana son fitowa. Saura kwana goma sha biyu.

A rana ta goma da hantsi ya ji ƙugin mota. Bas ce, ya san kukan injinta tun kafin ta ɓullo. Ta tsaya a bakin gona, mutum goma sha takwas suka sauko, direbobi da 'yan kamasho da kwandastoci, Yero a gaba. Sun yi karo-karo sun zuba mai, sun bar aikin rabin yini, sun zo da lemo da burodi. Ƙafar alheri ce ta kawo su, wannan gaskiya ne. Suka tattaka kunyoyin Bakari, suka zagaye bukkar.

Sauda ta fito da muciya a hannu ta tsaya a gabansa.

"Ku gaishe shi da ido. Wanda ya nemi amsa, zai samu a wajena."

"Haba Hajiya, daga Bauchi fa muke!"

"Ko daga Makka kuke."

Suka yi dariya, suka zauna. Ɗaya bayan ɗaya suka gaishe shi, ya dafe ƙirji, suka haƙura. Har Sauda ta saki jiki ta shiga cikin gida ta ɗebo musu ruwa.

Sai Yero ya ce, "Baba Miji, kwantar da hankalinka, ka yi jinyarka a tsanake. Mun samu wanda ya riƙe maka wuri." Ya buɗe jaka ya fito da 'yar lasifika irin ta masu talla, ya danna.

"Gombe, Gombe, Gombe! Alkaleri a hanya! Saura mutum ɗaya!"

Muryarsa ce. Wadda Yero ya ɗauka a waya ce aka juye a ciki. Ta faɗa, ta sake faɗa, ta sake, ba numfashi, ba kunya, har zabin Bakari suka watse.

"Ka ji ɗan'uwanka? Ba ya cin goro, ba ya tari, ba ya gudun kofin mutane."

"Wallahi ya fi na asalin," in ji wani kwandasta. "Na asalin ai ya tsufa."

"Ku bar shi, zakara ya riga ya shiga tukunya."

Mijinyawa ya ji wani abu ya taso masa daga ciki, ba ƙwannafi ba. Shekara talatin da ɗaya, ga su a cikin wata roba mai batir, a hannun da bai taɓa yarda ya gaisa da shi ba. Ya san abin da likita ya ce. Ya san saura kwana goma sha ɗaya. Ya miƙe tsaye, ya cika ƙirji.

"Gombe!"

Ta fito. Ta fito garau, ta danne lasifikar, ta tafi ta bugi dutse ta dawo. Mutanen suka tashi da sowa.

"Allahu akbar! Ya warke! Sake, Baba Miji, sake!"

"Gombe, Gombe!"

Ya hango Sauda ta saki tulu tana gudowa. Suna tafi, suna buga ƙafa, suna cewa ɗaya tak ta ƙarshe. Ya sake jan iska.

"Saura mut..."

Wani abu ya yage a wuyansa, ya ji shi sarai kamar an keta tsohon yadi. Ɗanɗanon jini ya cika masa baki. Ya nemi inda zai tofar, ya tuna ya binne gwangwanin, sai ya tofar a kan takalminsa.

Sowar ta tsaya, sai lasifikar kaɗai tana ta faman saura mutum ɗaya. Yero ya kashe ta. Suka yi ta Allah ya sawwaƙe, Allah ya sa kaffara ne, kowa yana jiran amin. Sauda ta bi su da muciya har bakin mota. Da ta dawo ba ta yi masa faɗa ba, ta ɗauki takalmin ta wanke. Shi ya fi son ta zage shi.

Ya cika sauran kwanakin, ya ƙara wasu sati shidan a kai ba wanda ya sa shi. Gyambon ya rufe, warin ya tafi, tari ya tsaya. Da likita ya nuna masa allon, igiyar hagu ta yi fari sumul, ta dama kuwa ta ƙandare, ta tattare kamar fatar da aka bari a rana.

"Gwada, Baba."

Ya gwada. Abin da ya fito kamar ana goga busasshen kara a jikin bango. Na kusa zai ji in ya kasa kunne, na bakin ƙofa ba zai ji ba.

"Abin da ya rage ke nan," in ji likita. "Ka lallaɓa shi."

Baffa Hammawa ya ce da ma ya faɗa, da an bar Ɗanlarai ya ƙarasa aikinsa da ba a kai ga haka ba. Mutanen unguwa suka ce ƙaddara ce. Mijinyawa bai ɗora wa kowa dukkan laifin ba. In ya tuna zauren nan da yawun goro, zuciyarsa takan tashi, amma ta fi tashi in ya tuna kansa tsaye a bakin gona yana gasa da roba.

Bai koma tasha ba. Yanzu yana Miri, shi da Sauda, a wani ɗaki da suka gina kusa da na Bakari. Yana noma masara yana kiwon zabi, ita tana suyar masa a bakin titi. Ba mai zuwa dubiya kuma. Lasifikar tana nan a tasha, an rataye ta a jikin turke, tana kiran fasinjan Gombe da muryarsa daga asuba zuwa magariba.